BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: HANYAR ƊALIBIN ZANE DAGA BAUCI ZUWA JAMI'A

A kusan kowace makarantar sakandare ta cikin garin Bauci akwai yaro guda, ko yarinya guda, wanda kowa ya sani da iya zane. Shi ne wanda malamin labarin ƙasa yakan aika a kirawo daga wani aji domin ya zana masa taswirar Nijeriya a allo. Shi ne kuma wanda malamin ilmin halittu yakan ba kwali da alƙaluma masu launi, ya ce ya tafi gida ya zano zuciyar ɗan Adam da hanyoyin jininta, a liƙa a bangon aji. Ran bikin ba da kyaututtuka kuwa, ƙyallen da aka rataya a bakin ƙofa na yi wa manyan baƙi maraba, rubutun hannunsa ne. Kowa na yabonsa, kowa na cewa Allah ya yi masa baiwa.

Amma fa sau da yawa iyakar abin ke nan. Idan shekarar ƙarshe ta zo, yaron ya tafi wurin cika fom ɗin neman shiga jami'a, a nan ne zai fara jin cewa ashe akwai sashen da ake koyar da wannan abin da ya iya har a ba mutum digiri, a nan ne kuma zai ji cewa ana bukatar waɗansu darussa waɗanda bai taɓa zama ajinsu ba. Mai cika masa fom a kwamfuta, wanda ke da layin mutane a bayansa, sai ya zaɓa masa wani fanni da takardunsa suka dace da shi. Daga nan ko dai ya sami shiga karatun da ba ya so, ko kuwa ya zauna gida yana jiran baɗi.

Abin da ya kamata irin wannan yaro da iyayensa su sani tun da wuri shi ne, a Nijeriya ba kyan hannu ake dubawa da farko ba wajen ɗaukar ɗalibin zane, takarda ake dubawa. Ita kuwa takardar nan tun daga ajin farko na babbar sakandare ake soma haɗa ta, watau fiye da shekara biyu kafin ranar cika fom.

ABIN BA BAƘO BA NE

Akwai masu ɗaukar zane-zane tamkar wani abu ne da Turawa suka zo da shi. Ƙasar Bauci kanta ta ƙaryata wannan zato. A Geji, cikin Ƙaramar Hukumar Toro, akwai dutsen da ake kira Dutsen Zane, inda mutanen da suka shuɗe suka bar siffofin shanu da namun daji da mutane a jikin dutse. Akwai irinsu a Shira, akwai kuma a Shadawanka kusa da garin Bauci, kuma duk Gwamnatin Tarayya ta sa su cikin jerin kayan tarihin ƙasa. A Kafin Madaki, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, akwai ginin nan da ake dangantawa da Muhammadu Durugu, Babban Gwani, magini wanda ya gina masallacin Jumma'a na Zariya a ƙarni na 19. Tun cikin 1956 aka sa gidan cikin kayan tarihin da doka ta tsare.

Ban da waɗannan, duk wanda ya ga allon sauka da alaramma ya yi wa zayyana, ko ya tsaya ya dubi aska takwas a gaban babbar riga, ko aikin dukawa a jikin sirdi da linzami ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Bauci, ya ga aikin mutanen da suka san awo, suka san launi, suka san inda layi zai faro da inda zai tsaya. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ake karantarwa a sashen zane. Bambancin kawai shi ne, su waɗancan gwanaye a zauren ubangida suka koya, shi kuwa yaron yau ana neman ya bi ta ofishin jarrabawa.

YADDA ZANE YA SHIGA JAMI'A A AREWA

Tarihin koyar da zane a manyan makarantun ƙasar nan yana da tushe mai ƙarfi a Arewa. Cikin 1955 aka ɗauke sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Badun aka kawo shi Zariya. Malaman farko galibinsu Turawan Ingila ne, kuma irin ta ƙasarsu suke koyarwa. Cikin 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Manufarsu ita ce a karɓi dabarun da Turawa suka kawo, amma a haɗa su da gadon gida, kowa ya koma ya binciki zanen garinsu ya sa shi cikin aikinsa. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, sai ta gaji wannan sashe, har yau kuwa yana daga cikin waɗanda ake ji da su a Nijeriya.

Mai karatu zai lura cewa waɗannan sunaye huɗu duk na mutanen Kudu ne. Makarantar tana Arewa, amma waɗanda suka fara cika azuzuwanta daga nesa suka zo, domin makarantunsu sun riga sun sami malaman zane. A Ikko, Aina Onabolu ya soma koyar da zane a makarantu tun cikin shekarun 1920, kuma da ƙoƙarinsa aka kawo wani Bature mai suna Kenneth Murray cikin 1927, wanda ya koyar da Ben Enwonwu. Daga baya 'yan Arewa sun shiga sun kuma yi fice, kamar Farfesa Jerry Buhari na Jami'ar Ahmadu Bello, mutumin Jihar Kaduna, da Kaltume Bulama Gana. Duk da haka darasin bai canza ba: inda aka sami malamin zane a sakandare, daga can ɗalibai suke fitowa.

Akwai kuma labarin Ladi Kwali, mai ginin tukwane, wadda hotonta ke bayan takardar Naira 20. A gida ta koyi sana'ar, cikin 1954 ta shiga makarantar koyon tangaran da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ta zama mace ta farko a wurin. Cikin 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Jami'ar da ta girmama ta haka, da a ce yau wata yarinya mai hannu irin nata za ta zo neman shiga aji ɗaya ba tare da kiredit biyar ba, ba ta da ikon ɗaukarta. Haka doka take, kuma gara yaro ya san haka tun yana aji uku.

ƘOFOFIN DA KE BUƊE

Ɗalibin da ke zaune a Bauci yana da hanyoyi fiye da ɗaya, kuma kowace da irin sharuɗɗanta.

Ta farko tana nan cikin gari, watau Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. An kafa ta cikin 1980 a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, cikin 1984 aka mai da ita ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, sa'an nan cikin 1988 ta sake tsayawa da ƙafafunta da sunan da take amsawa yanzu. Tana da sashen tsara kayan masana'antu, inda ake koyon tangaran, da zanen yadi, da zanen ɗab'i da talla. Karatun shekara biyar ne, har da watannin da ɗalibi zai yi yana koyon aiki a wata ma'aikata. Abin lura a nan shi ne, da yake tushen jami'ar fasaha ne, tana dogara ƙwarai ga lissafi da kimiyya. Dalili kuwa a fili yake. Mai yin tangaran sai ya san abin da ke cikin yumɓu, da irin zafin da tanderu zai kai kafin ƙasa ta zama kwano, da sinadaran da ake haɗawa a shafa domin a sami ƙyalli. Farar ƙasar nan ta Alkaleri, wadda masu masana'antu ke saye, tana daga cikin kayan wannan aiki. Saboda haka yaron da ya gudu daga ajin kimiyya don yana ganin shi mai zane ne ba ruwansa da lissafi, ya rufe wa kansa ƙofar da ta fi kusa da gidansu.

Ta biyu ita ce Zariya. A Jami'ar Ahmadu Bello akwai sashen zane da sassaƙa, akwai kuma sashen tsara kayan masana'antu dabam, dukansu a tsangayar tsara muhalli. Wanda ya shiga sashen zane ta hanyar jarrabawar JAMB shekara huɗu zai yi. A shekarun farko yakan taɓa kowane fanni, daga baya ya zaɓi inda zai ƙware. Jami'ar Maiduguri ita ma tana koyar da zane.

Ta uku ita ce kwalejojin horon malamai, inda ake yin shekara uku a sami takardar shaidar malanta ta ƙasa, watau NCE. Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da ke Azare tana koyar da zane da aikin hannu, haka nan Kwalejin Ilmi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Gombe. Ta huɗu kuma ita ce kwalejojin kimiyya da fasaha masu ba da difloma ta shekara biyu, kamar ta Jihar Kano, da ta Auchi a Jihar Edo, da ta Yaba a Ikko wadda ta daɗe da suna a wannan fanni.

Mutane da yawa suna raina hanya ta uku da ta huɗu, alhali kuwa su ne mafita ga wanda takardunsa ba su cika sharaɗin jami'a ba. Sharuɗɗan shigarsu sun fi sauƙi, aikin hannu a cikinsu yana da yawa, kuma wanda ya gama da sakamako mai kyau yana iya neman shiga jami'a kai tsaye, ya fara daga aji biyu. Tafiyar takan ƙara tsawo da shekara ɗaya ko biyu, amma ta fi zaman jira a gida.

INDA GIZO KE SAƘAR

A ƙaramar sakandare, zane ba shi da darasinsa shi kaɗai. An haɗa shi da kiɗa da wasan kwaikwayo da al'adu cikin darasi guda, kuma sau da yawa malamin da aka ba darasin ba fanninsa ba ne. A babbar sakandare zane yana cikin darussan zaɓi, watau makaranta tana iya koyar da shi, tana iya barinsa. Inda babu malami babu ɗakin aiki, shugaban makaranta ba zai sa sunan ɗalibi a jarrabawar zane ta WAEC ko NECO ba, domin jarrabawar ba ta rubutu kaɗai ba ce. Akwai ɓangaren tarihi da ƙa'idoji, akwai kuma ɓangaren da za a ajiye wa ɗalibi kaya ko ganye ko mutum a gabansa a ce ya zana, da ɓangaren tsara rubutu da ado.

Daga nan al'amarin ya zama zobe. Babu malami, saboda haka babu ɗalibin da ya rubuta zane. Babu ɗalibin da ya rubuta zane, saboda haka kaɗan ne suka shiga sashen a kwaleji. Kaɗan suka shiga, saboda haka babu malamin da za a aika makarantu. Yaron da aka ba kwali ya zana zuciya yana tsakiyar wannan zobe bai sani ba.

Ƙa'idar shiga jami'a ita ce kiredit biyar a darussan da suka dace, cikinsu har da Ingilishi, ga mai neman jami'ar fasaha kuma har da lissafi da kimiyya. Sassan zane da dama suna son ganin zane cikin waɗannan biyar, ko da yake akwai masu sassautawa. Makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Wannan ya ba wanda makarantarsu ba ta koyar da zane wata dama, domin WAEC da NECO duk suna shirya jarrabawar masu zaman kansu, wadda mutum zai yi rajista ba ta hannun makaranta ba. Wanda ya sami mai koya masa a waje yana iya cike giɓin ta nan.

Saboda haka ran da yaro ya gama aji uku za a raba su azuzuwa, ranar ce ta yanke shawara. Tambayoyin da uba zai yi wa makaranta ba su da yawa. Shin ana koyar da zane a babbar sakandare a nan? Akwai malaminsa? An taɓa sa ɗalibai a jarrabawarsa? Idan yaro ya shiga ajin kimiyya, za a bar shi ya haɗa da zane ko zanen injiniya? Amsar waɗannan tambayoyi ita za ta nuna ko yaron zai zauna a makarantar, ko a sake masa wata, ko a nema masa malami a waje.

RANAR CIKA FOM

Hukumar JAMB, wadda aka kafa cikin 1978, ita ke riƙe da ƙofar manyan makarantu. Tun daga 2015 jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta ake yi. Darussa huɗu ne, Ingilishi dole, sauran uku kuma gwargwadon fannin da mutum ke nema, jimlar maki 400. Tun daga 2021 ba a rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ya kamata a tabbata cewa suna da ranar haihuwa da ke jikin wannan lamba sun yi daidai da na takardun makaranta harafi da harafi, domin saɓanin harafi guda yakan jawo wahalar watanni. Layin wayar da aka yi rajista da shi kuma a riƙe shi, kada a yi da na maƙwabci ko na mai shago.

Kowace shekara hukumar takan fitar da littafin da ya jera fannoni da makarantun da ke koyar da su da darussan da kowace ke bukata, kuma yana nan a intanet. Sharuɗɗa sukan canza, haka nan abin da Zariya ta yarda da shi ba lalle ne Bauci ta yarda da shi ba. Kuskuren da ya fi cin ɗalibai shi ne haɗa darussan da ba su dace da fannin ba. Mutum yana iya cin maki mai yawa, amma idan ya rubuta darussan da sashen bai nema ba, makin ba zai yi masa rana ba. Wanda ya shiga wurin rajista da fanninsa da darussansa huɗu a rubuce a takarda, ya tsare kansa daga zaɓin mai shago.

Wani abin da kan ba ɗalibai mamaki shi ne, jarrabawar zane ta JAMB ba a zana kome a cikinta. Tambayoyi ne a zaɓi amsa, game da launuka da kayan aiki da ƙa'idojin tsari da tarihi. Za a tambayi mutum kayan Nok na gasasshen yumɓu, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa cikin 1928, da tagullar Ife da ta Benin da ta Igbo-Ukwu, da sunayen masu zane na gida da na waje. Gwanin hannu wanda bai buɗe littafi ba yana iya faɗuwa, wanda bai iya riƙe fensir ba kuwa ya ci. Gidan kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe cikin 1952, tafiyar 'yan sa'o'i ce daga Bauci a mota, kuma yini guda a cikinsa yana sa abin da aka karanta ya zauna a kai.

Bayan sakamako ya fito, makaranta takan yi nata tantancewar. Tun daga 2017 kuma duk ɗaukar ɗalibai ta shafin hukumar JAMB take bi. Sai ɗalibi ya sa sakamakonsa na sakandare a shafin, sai kuma ya shiga da kansa ya karɓi gurbin idan an ba shi. Gurbin da aka samu ta bayan fage, ba ta wannan shafi ba, hukuma ba ta san da shi ba, kuma yakan zama matsala ran da aka zo tafiya aikin yi wa ƙasa hidima.

Ɗan Jihar Bauci yana da wata dama da ya kamata ya sani. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 kuma ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilmin zamani. Bauci tana cikin waɗannan jihohi. Amma gurbin da aka keɓe ba ya zuwa gida ya sami mutum, sai wanda ya nema da takardun da suka cika.

KUNDIN AYYUKA

A Ingila da Amurka al'amarin ya sha bamban. Can makarantun zane sukan bukaci mai nema ya aika da kundin ayyukansa, watau zaɓaɓɓun zane-zanen da ya yi da hannunsa, kuma wannan kundi yana da nauyi ƙwarai wajen ɗauka ko ƙi. A Nijeriya maki ne a gaba, ko da yake akwai makarantun da kan gwada hannun ɗalibi lokacin tantancewa. Duk da haka yaron da ya soma tara ayyukansa tun yana sakandare bai yi asara ba, domin da su zai nemi taimakon karatu, da su zai nemi aiki, da su kuma zai shawo kan mahaifinsa.

Malaman zane a ko'ina sun fi daraja abin da aka zana daga gani da ido bisa abin da aka kwafa daga hoto. Yaran da suka saba kwafar fuskokin 'yan wasan ƙwallo da taurarin fim daga waya sukan sha wuya ran da aka ajiye musu tulu da buta a ce su zana, domin a hoto an riga an yi musu rabin aikin. Garin Bauci kuwa cike yake da abin zanawa kyauta: tarin tumatir da tattasai a kasuwar Muda Lawal, masu ɗinkin hula a gindin bishiya, Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran, duwatsun da suka kewaye gari. Littafi guda na farar takarda da fensir, a riƙa zana abu guda kullum ana sa kwanan wata, ya isa farawa. Zama wurin mai rubuta alluna ko mai buga riguna ko maɗaba'a lokacin hutu shi ma makaranta ce.

TAMBAYOYIN IYAYE

Iyaye a Bauci suna da tambayoyi biyu, kuma babu wadda ta cancanci a yi mata dariya.

Ta farko ta addini ce. Maganar malaman Musulunci game da sassaƙa siffar abu mai rai sananniya ce, kuma gidaje da yawa ba za su yarda ɗansu ya shiga cikinta ba. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, a sashen zane da sassaƙa ɗalibi zai haɗu da darasin zana siffar mutum da na sassaƙa a shekarun farko, ko da daga baya wani fannin zai zaɓa. A sashen tsara kayan masana'antu kuwa ƙarfin aikin yana kan yadi da tangaran da rubutu da ɗab'i, ko da yake can ma ana koyon zane na tushe. Hanyar da ta fi ita ce uba da ɗa su je sashen da ƙafarsu, su ga abin da ake yi, su nemi jerin darussa, sa'an nan su kai wa malamin da suka amince da shi su ji fatawa. Yanke hukunci bisa jita-jita, ko a hana ko a bari, zalunci ne ga yaron.

Ta biyu ita ce ta abinci: in ya gama, me zai ci? A da, masaƙun Kaduna da Kano sukan ɗauki masu zanen atamfa. Masaƙar Kaduna ta farko, wadda aka buɗe cikin 1957, ta daina aiki a farkon shekarun 2000, da dama kuma sun bi bayanta. Wannan ƙofa ta ƙuntata, babu amfanin ɓoyewa. Haka nan labarin zanen Ben Enwonwu mai suna Tutu, wanda aka sayar a London cikin 2018 a kan fam miliyan 1 da dubu 200, labari ne na gaskiya, amma ba a gina rayuwar yaro a kansa.

Aikin da ke akwai na yau da kullum ne. Kowane buhun shinkafa da kwalin magani da robar ruwa sai an tsara musu tambari. Littattafan firamare suna bukatar mai zana hotuna. Maɗaba'u da gidajen talabijin da masu shirya fim da ma'aikatun lafiya masu faɗakar da jama'a duk suna neman mai tsara abin da ido zai gani, kuma yawancin wannan aiki yanzu a kwamfuta ake yinsa, har mutum yana Bauci ya yi wa na Ikko ko na wata ƙasa aiki. Manhajojin zamani masu ƙirƙiro hoto da kansu sun fara cin wani ɓangare na ƙananan ayyuka, saboda haka wanda iyakar iyawarsa kwafa ce yana cikin haɗari fiye da wanda ya koyi tsari tun daga tushe. Sa'an nan ga koyarwa, wadda ita ce giɓin da ya haifar da matsalar tun farko.

Akwai kuma batun kashe kuɗi. Ɗalibin zane ya fi na tarihi ko na Hausa ɗawainiya, domin kowane aikin da aka ba shi sai ya sayi takarda da fenti da yadi da rini, kuma da yawa daga cikin kayan daga waje ake shigo da su. Asusun ba ɗalibai rance na Gwamnatin Tarayya, wanda aka sa hannu a dokarsa cikin 2024, yana biyan kuɗin makaranta ga ɗaliban makarantun gwamnati da suka nema suka dace. Amma gidan da zai sa ɗa a wannan fanni ya kamata ya yi lissafin kayan aiki tun kafin a tafi.

HANNU ƊAYA BA YA ƊAUKAR JINKA

Gyaran wannan al'amari ba na yaro ba ne shi kaɗai. Ma'aikatar Ilmi ta Jiha tana iya duba makarantun da ke da malaman zane da waɗanda ba su da su, ta tabbatar cewa ko da makarantu kaɗan a kowace shiyya suna sa ɗalibai a jarrabawar, domin wanda ke so ya san inda zai nufa. Sassan zane na manyan makarantu suna iya buɗe ƙofofinsu rana guda a shekara ga 'yan aji uku, su ga tanderu da injin buga yadi da idonsu. Malaman ba da shawara a makarantu kuma su riƙa buɗe littafin JAMB tare da yara tun kafin a raba azuzuwa, ba sai shekarar fita ba.

Kafin a kai ga wannan, akwai abin da malami guda zai iya yi gobe da safe ba tare da jiran takarda daga ofis ba. Idan yaron nan ya kawo kwalin da aka sa shi ya zana, bayan an yaba an liƙa a bango, sai a zaunar da shi a tambaye shi ajin da yake, da darussan da yake ɗauka, da abin da yake so ya zama. Idan yana aji uku, lokaci bai ƙure ba.